JAMES LEGGE: MAI-BISHARA DA YA ZAMA SHEHUN MALAMIN LITTATTAFAN SIN

A cikin bayin Allah da su ka kai bishara ƙasashe masu-nisa, akwai waɗanda a ke tunawa da su saboda yawan mutanen da su ka tuba ta bakinsu, akwai kuma waɗanda a ke tunawa da su saboda jininsu da ya zuba. Wanda za mu ba da labarinsa a wannan wata, da karatu a ke tunawa da shi. Sunansa James Legge, mutumin Sikotland. Ya yi shekara 33 yana aikin bishara a cikin mutanen Sin, daga baya kuma ya yi shekara 21 yana shehun malami a jami'ar Oksfod ta Ingila. Shi ne ya juya manyan littattafan Sinawa na da cikin Turanci, ya kuma auna koyarwarsu da ta Littafi Mai-Tsarki.

Tambaya guda ce ta bi shi dukan kwanakinsa. In mai-bi ya buɗe littafin mutanen da ba su san Kristi ba, ya tarar da koyarwa mai-kyau a ciki, yaya zai yi da ita? Ya musanta ta domin kada a ce ya yabi addinin wani? Ko kuwa ya rungume ta har ya manta da abin da ya kawo shi? Mu da mu ke zaune unguwa ɗaya, kasuwa ɗaya da waɗanda ba bangaskiyarmu ɗaya ba, tambayan nan ba baƙuwa ba ce a gare mu. Domin wannan mu ka ga ya kamata mu duba yadda dattijon nan ya amsa ta, da abin da amsar ta jawo masa.

TASOWARSA

An haifi Legge ran 20 ga Disamba, 1815, a wani ƙaramin gari mai-suna Huntly, a arewacin Sikotland. Ubansa mai-sayar da yadi ne, mai-tsoron Allah kuma. Uwarsa ta rasu tun yana ɗan yaro. Ekklesiyar da gidansu ke zuwa ƙarama ce, ba ta gwamnati ba, amma an san ta da himmar aika bishara ƙetare. Daga wannan yanki William Milne ya fito, wanda ya taimaki Robert Morrison juya Littafi Mai-Tsarki cikin harshen Sin, a ka gama bugawa a 1823. Saboda haka labarin ƙasar Sin ya shiga kunnen yaron tun da wuri.

Allah ya ba shi kaifin kai. A 1831 ya shiga babbar makaranta ta Aberdeen, shi ne na ɗaya a jarrabawar shiga, ya kuma fita a 1835 da babbar kyautar makarantar. Ya ƙware a Latin ƙwarai, har da ya so, da ya zauna a ƙasarsu ya ci abinci da shi cikin rufin asiri. Amma bayan ya ɗan yi aikin koyarwa, sai ya shiga makarantar Littafi Mai-Tsarki ta Highbury a Landan a 1837, ya miƙa kansa ga Ƙungiyar Mishan ta Landan. Ya yi 'yan watanni yana koyon harshen Sin wurin wani tsohon mai-bishara, Samuel Kidd. A 1839 ya auri Mary Morison, 'yar wani pasto, su ka shiga jirgin ruwa. A watan Janairu, 1840, su ka sauka Malaka.

DAGA MALAKA ZUWA HONGKONG

Malaka ba ta cikin ƙasar Sin. Gari ne na bakin teku a ƙasar da a yanzu a ke kira Malesiya, inda Sinawa 'yan ci-rani su ke da yawa. A zamanin nan ƙofar Sin a rufe ta ke ga masu-wa'azi, shi ya sa Morrison da Milne su ka kafa makaranta a Malaka a 1818, suna jiran ranar da Allah zai buɗe hanya. Legge bai cika shekara a can ba sai cutar kwalara ta ɗauke shugaban makarantar, nauyin ya faɗo a kansa, shi kuwa bai kai shekara 25 ba.

Hanya ta buɗe, amma ta wata ƙofa mai-ban kunya. 'Yan kasuwan Ingila suna shigar da ofiyom cikin Sin, watau wani abin maye da a ke yi da ƙaron wani fure, wanda ke lalata jiki da hankali. Sarkin Sin ya hana, Ingila ta kawo yaƙi a 1839. Da a ka yi sulhu a 1842, sai Sin ta ba da tsibirin Hongkong, ta kuma buɗe tashoshin jirgin ruwa biyar. A 1843 Legge ya kwashe makarantar da injin buga littattafai ya koma Hongkong. Kun ga, bishara da ofiyom sun shigo ta ƙofa ɗaya, Sinawa kuwa ba su manta da wannan ba.

Harshen Sin ba abin wasa ba ne. Ba shi da abacada irin tamu. Kowace kalma da alamarta, sai mutum ya haddace dubbai kafin ya iya karatu. Murya kuma tana sāke ma'ana, kamar yadda a Hausa hawa da saukar murya ke raba kukan yaro da itacen kuka. Legge ya yi ta fama har ya iya wa'azi da harshen mutanen Kanton. Ya zama pasto na Sinawa da na Turawa duka, yana koyarwa, yana ziyarar gidan yari. Abokin aikinsa Ho Tsun-shin, wanda ya yi karatu a hannunsa tun Malaka, an naɗa shi pasto a 1846, ya zama gwanin wa'azi, ya rubuta bayanin Linjilar Matta da ta Markus.

Wahala ma ba ta bar shi ba. Zazzaɓi ya kore shi gida a 1845. Ya tafi da samari uku daga cikin 'yan makarantarsa, a ka yi masu baftisma a Huntly, har Sarauniya Biktoriya ta karɓe su a fadarta a 1848. Bayan ya komo, matarsa Mary ta rasu a 1852, waɗansu daga cikin 'ya'yansu kuma sun mutu suna ƙanana. Sai a 1859 ya sake aure, ya auri wata gwauruwa mai-suna Hannah.

GARDAMAR SUNAN ALLAH

Sa'ad da masu-bishara su ka taru domin su sake juya Littafi Mai-Tsarki, sai wata babbar gardama ta raba su. Da wace kalma ta Sinanci za a kira Allah? Waɗansu, musamman Bishop William Boone na Amurka, su ka zaɓi Shen. Wannan kalma ce ta kowane abin bauta da kowane ruhu. Su ka ce gara a ɗauki kalmar kowa da kowa, sa'an nan a koya wa mutane cewa guda ɗaya ne na gaskiya. Waɗansu kuwa su ka zaɓi Shangdi, watau Mai-mulki na Bisa, sunan da ke cikin littattafan Sinawa mafiya tsufa.

Da fari Legge yana bayan Shen. Amma da ya zurfafa cikin tsofaffin littattafan, da addu'o'in da sarakunan Sin ke yi, sai ya sāke ra'ayi. Ya ga Shangdi ɗin nan ba a sassaƙa masa gunki, ana ce da shi mai-naɗa sarakuna da tuɓe su, mai-sāka wa nagari, mai-hukunta mugu. A 1852 ya buga littafi a kan zancen, ya ce kakannin Sinawa sun san Allah na gaskiya, ko da ya ke saninsu ya dushe, sun kuma haɗa shi da bautar ruhohi. Ya dogara ga abin da Manzo Bulus ya koyar a farkon wasiƙarsa zuwa ga Romawa, da wa'azinsa a Listra, cewa Allah bai bar kansa ba shaida a cikin al'ummai ba.

Ba a daidaita ba. Kowane gefe ya buga nasa. Har fassarar da a ka gama a 1919, wadda yawancin ekklesiyoyin Sin su ke karantawa har yau, ana buga ta iri biyu, ɗaya da Shen, ɗaya da Shangdi. Mu Hausawa sai mu gode wa Ubangiji, gama waɗanda su ka juya mana Littafi Mai-Tsarki, a ka buga a 1932, sun tarar da sunan Allah a bakin kowane Bahaushe, su ka ɗauka, Littafin kansa kuma ya bayyana mana ko wane ne shi.

MUTUM BIYU DA YA YI WA KUKA

A cikin shekarun nan wani babban tawaye ya tashi a Sin, wanda a ke kira na Taiping. Shugabansa ya karanta takardun bishara, ya gauraya su da mafarkansa, har ya ce shi ƙanen Yesu ne. Wani ɗan'uwan shugaban, Hong Rengan, ya zauna a Hongkong yana aikin bishara tare da Legge, Legge kuwa yana ƙaunarsa ƙwarai. Ya gargaɗe shi kada ya shiga tawayen. Amma a 1858, sa'ad da Legge ya tafi hutu Ingila, sai Hong ya kama hanya, ya je a ka ba shi babbar sarauta. A 1864 tawayen ya rushe, a ka kama shi a ka kashe. An ƙiyasta mutanen da su ka hallaka a yaƙin nan sun kai miliyan 20.

Na biyun dattijo ne mai-suna Che Kam-kwong, mai-tsaron haikalin Konfushiyus a garin Poklo. Sabon Alkawali ya shiga hannunsa, ya karanta, ya ba da gaskiya, ya zo Hongkong Legge ya yi masa baftisma a 1856. Ya koma garinsu yana shaida, mutane da yawa su ka tuba. Da manyan gari su ka tashi da tsanani a 1861, Legge ya tafi can da kansa domin ya kwantar da rigimar. Kafin ya tashi ya bar wasiyya cewa in an kashe shi, kada gwamnatin Ingila ta aika da jirgin yaƙi domin ramuwa, gama ba ya so a ɓata sunan bishara da bindiga. Ya dawo lafiya, yana tsammani ƙura ta lafa. Bayan 'yan kwanaki a ka kama Che, a ka yi masa azaba domin ya yi musun Kristi. Ya ƙi, a ka kashe shi, a ka jefa gawarsa a kogi.

Duk wanda zai zargi Legge daga baya da sassauci ga addinin Sinawa, ya kamata ya tuna cewa mutumin nan ya san abin da bin Kristi ke ci a ƙasar Sin.

AIKIN FASSARA

A zamanin nan ba mai-samun aikin sarauta a Sin sai ya ci jarrabawa a kan littattafan Konfushiyus da na mabiyansa. Yara suna haddace su tun suna ƙanana. Daga cikinsu a ke ɗauko dokar gida da ta mulki, da ladabin biki da na makoki. Legge ya ga cewa mai-wa'azin da bai san su ba, yana magana ne da mutanen da bai san zuciyarsu ba, malamansu kuma za su ɗauke shi jahili. Rashin sani ya fi dare duhu. Sai ya ƙudura zai juya su duka, da nassin Sinanci a sama, da fassara, da bayanin da malaman Sin su ka yi shekara da shekaru.

Bai rage aikin ekklesiya domin wannan ba, barcinsa ya rage. Ya kan tashi wajen ƙarfe uku na dare ya yi ta aiki kafin gari ya waye. Kundi na ɗaya da na biyu su ka fito a 1861, na uku a 1865, na huɗu a 1871, na biyar a 1872. Wani attajiri, Joseph Jardine, ya ɗauki nauyin bugawa. Ba za mu ɓoye ba, kamfanin gidansu yana cikin manyan masu-cinikin ofiyom, abin da Legge kansa ya ƙi jini. Daga 1862 kuma ya sami taimakon wani babban malamin Sin, Wang Tao, wanda ya gudo Hongkong domin ana tuhumarsa da haɗa baki da 'yan tawaye. Da ɗan gari a kan ci gari. Wang Tao ya bi shi har Sikotland, su ka yi wajen shekara biyu suna aiki tare.

Ban da wannan, shawarar Legge ce ta haifi babbar makarantar gwamnati ta Hongkong a 1862, inda Sun Yat-sen ya yi karatu daga baya, wanda ya zama shugaban farko na jamhuriyar Sin a 1912.

ABIN DA YA TARAR A MA'AUNI

An haifi Konfushiyus shekara 551 kafin haihuwar Kristi, sa'ad da Yahudawa ke bauta a Babila, ya mutu a 479. Watau shi da annabi Haggai da Zakariya zamaninsu ɗaya. Bai ce shi annabi ba ne. Malami ne mai-koyar da zaman mutane. Mabiyansa sun tsara zaman duniya a kan dangantaka biyar: sarki da bara, uba da ɗa, miji da mata, wa da ƙane, aboki da aboki. Kowane gefe da hakkinsa. Tushensu duka kuwa biyayya ga iyaye.

Legge ya ɗauki koyarwan nan ɗaya ɗaya ya ajiye kusa da Littafi Mai-Tsarki. Ya yaba girmama iyaye, ya ce ya yi daidai da doka ta biyar, yana kuma cikin abin da ya sa al'ummar Sin ta daɗe a ƙasarta. Amma ya nuna inda abin ya wuce iyaka. Ana miƙa wa matattu hadaya. An kuma mai da rashin ɗa namiji babban laifi ga kakanni, har wannan ya zama hujjar ƙara mata da ajiye ƙwaraƙwarai. Ya ce an sa mace ƙasa da inda Mahaliccinta ya ajiye ta.

Ya tarar Konfushiyus ya koya wa almajiransa kada mutum ya yi wa wani abin da shi kansa ba ya so a yi masa. Wannan ya yi kusa da umurnin Ubangijinmu a cikin Matta sura 7. Legge ya lura cewa na Konfushiyus hani ne, na Yesu kuwa aike ne. Mutum yana iya cika hani yana zaune a ɗakinsa, amma aike sai ya tashi ya nemi maƙwabcinsa da alheri. Duk da haka ya yi masa adalci. Ya nuna wani wuri inda Konfushiyus ya gane dokar ta fuskar aikatawa, ya kuma amsa da bakinsa cewa bai iya cika ta ba.

A kan zancen maƙiyi kuma, an tambayi Konfushiyus ko ya kamata a sāka mugunta da alheri. Bai yarda ba. A ganinsa alheri na mai-alheri ne, mai-mugunta kuwa adalci ya ishe shi. Wani tsohon malamin Sin, Laozi, shi ya koyar da sāka mugunta da alheri, Legge kuma bai ji nauyin faɗi cewa a nan Laozi ya fi kusa da Wa'azi a kan Dutse ba.

Sai Menshiyus, wanda ya zo wajen shekara ɗari bayan mutuwar Konfushiyus. Shi ya koyar cewa an halicci mutum domin nagarta. Misalinsa shi ne, kowa ya ga yaro zai faɗa rijiya, gabansa zai faɗi nan take, ba domin yana neman yabo ko ladan iyayen yaron ba. Masu-bishara da yawa sun ce wannan ya yi gāba da koyarwar zunubi. Legge ya ce a yi hankali. Ya gwada shi da Bishop Joseph Butler na Ingila, wanda ya koyar cewa Allah ya sa lamiri ya zama sarki a cikin mutum. Ya ce Menshiyus yana zancen abin da a ka yi mutum dominsa ne, wannan kuwa gaskiya ne, Romawa sura 2 ma ta shaida cewa an rubuta aikin shari'a a zukatan al'ummai. Abin da Menshiyus bai gani ba shi ne zurfin faɗuwar mutum. Ya zaci koyarwa da ƙoƙari sun isa su komo da shi.

Nan ne Legge ya kafa ƙafarsa, bai gusa ba har mutuwarsa. Malaman Sin sun san abu mai-yawa game da abin da ya wajaba a kan mutum ga ɗan'uwansa. Amma sun yi ƙarancin magana a kan wajibin mutum ga Allah. Konfushiyus ya fi son ya ce Sama da ya ambaci Shangdi, ya kuma kauce wa tambayar abin da ke bayan mutuwa. Ba su da labarin gafara, ba su da ikon da zai sa mai-zunubi ya aikata nagartar da ya sani. Kukan da Bulus ya yi a Romawa sura 7 ba shi da amsa a cikin littattafansu. Amsar tana wurin Kristi da ya mutu ya tashi.

BAGADIN SAMA DA TARON SHANGHAI

A 1873, kafin ya bar ƙasar, Legge ya zaga arewacin Sin. Ya ziyarci kabarin Konfushiyus. Ya je Beijing ya ga Bagadin Sama, wani babban dandamali na farin dutse, ba rufi, ba gunki, inda sarkin Sin kan miƙa hadayar bijimi ga Shangdi kowace shekara a tsakiyar hunturu. Legge ya tuɓe takalmansa, ya hau, ya raira waƙar yabon Allah tare da abokan tafiyarsa. Labarin ya ɓata wa masu-bishara da yawa rai.

A 1877 a ka yi babban taron masu-bishara a Shanghai, a ka roƙe shi ya aiko da takarda a kan addinin Konfushiyus da Kiristanci. A ciki ya sake faɗin ra'ayinsa game da Shangdi, ya kuma gargaɗi 'yan'uwa kada su riƙa zagin Konfushiyus a wa'azi, gama wanda ka zagi ubansa ba zai saurare ka ba. An karanta takardar, amma taron ya ƙi sa ta cikin littafin rahotonsa. Sai abokansa su ka buga ta dabam. Wannan ya yi masa zafi, gama daga 'yan'uwansa ya fito, bayan hidimar shekara 33.

A JAMI'AR OKSFOD

A 1875 Faransa ta ba shi kyautar Julien, shi ne na fari da ya karɓe ta. A 1876 Oksfod ta kafa kujerar koyar da harshen Sin, ta ɗora shi a kai. Ɗalibansa ba su taɓa yin yawa ba, wani lokaci ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya, amma ya kan shirya masu darasi kamar ɗaki cike ya ke. Bai kuma daina tashin ƙarfe uku ba.

Wani shehun malami, Max Müller, yana tattara littattafan addinan gabas cikin kundi 50. Legge ya ba da shida, daga 1879 zuwa 1891. Ɗaya daga cikinsu, Littafin Sāke-sāke, rubutun hannunsa ya taɓa yin fiye da wata guda a cikin ruwan Bahar Maliya a 1870, a ka tsamo shi, ya sake aikin, ya fito a 1882. A 1880 waɗansu masu-bishara su ka rubuta wa Müller suna ƙara domin Legge ya fassara Shangdi da Allah. Müller ya tsaya bayansa. A wannan shekara ya buga laccocinsa a kan addinan Sin a gwade da Kiristanci, a 1883 kuma wani ƙaramin littafi a kan dukan wajibin mutum bisa ga koyarwan nan biyu. A 1888 ya fassara rubutun wani dutse da a ka kafa a birnin Shi'an a shekara ta 781, mai-ba da labarin Kiristocin gabas da su ka isa Sin a 635.

Wata rana jakadan Sin na fari a Landan, Guo Songtao, ya tambaye shi wace ƙasa ta fi halin kirki, Ingila ko Sin. Legge ya ce Ingila. Jakadan ya tashi tsaye cikin ɓacin rai, ya tambaye shi, in haka ne, me ya sa Ingila ke tilasta masu karɓar ofiyom. Legge da kansa ya ba da labarin nan, domin mutanensa su ji kunya. Ya yi ta magana a fili a kan cinikin, yana cewa halin waɗanda a ke kira Kirista ne babban abin da ke tare bishara.

Ga wani abu kuma da ya nuna irin mutumin. A bugun 1861 ya rubuta cewa bai iya ɗaukar Konfushiyus babban mutum ba. Da ya sake buga littafin a 1893, bayan ƙarin karatun shekara 32, sai ya gyara wurin. Ya ce yawan nazari ya ƙara masa ganin girmansa, babban mutum ne ƙwarai, Kirista ma suna da abin koyo a wurinsa. Tsoho mai-shekara 77, wanda duniya ta san shi, bai ji kunyar gyara hukuncinsa a gaban kowa ba.

Ya yi ta koyarwa har 'yan kwanaki kafin ƙarshensa. Ya rasu ran 29 ga Nuwamba, 1897, saura kaɗan ya cika shekara 82. A ka binne shi a Oksfod.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Ba dole ne mu bi Legge cikin kowane abu ba. Shekara biyu bayan mutuwarsa, a 1899, a ka fara gano tsofaffin ƙasusuwa masu-rubutu, waɗanda sarakunan Sin na da can ke duba da su. Sun nuna cewa tun a wancan zamani ana neman kakanni da ruhohin kogi da na dutse tare da Mai-mulki na Bisa. Saboda haka masana da yawa a yau suna ganin ya zarce wajen cewa Sinawan farko masu-kaɗaita Allah ne. Zancen waƙa a kan bagadin nan kuma, ko da zuciyarsa tsarkakakkiya ce, ya kamata mai-bi ya tuna da raunanan 'yan'uwa da ke kallonsa.

Amma a kan babbar tambayar, muna gani ya bi sawun Bulus a Atina, wanda ya zaga ya duba abin da mutanen birnin ke yi wa sujada, ya san mawaƙansu, sa'an nan ya yi masu wa'azin tuba da tashin matattu. Doka ta tara ta hana mu shaidar zur a kan maƙwabci, ba ta kuwa ce sai maƙwabci mai-bi ba. In mun faɗi abin da ba haka ba ne game da addinin wani, ko a kan bagadi mu ka faɗa, ƙarya ce, mai-shi kuma ya san ƙarya ce, ba zai sake amincewa da bakinmu ba. In kuwa mun ga gaskiya ko halin kirki a wurinsa, mu amsa, mu gode wa Allah da ya ba da lamiri. Wannan ba ya rage kome daga bishara, gama ba a aiko mu mu ce mun fi kowa hali ba. An aiko mu mu ce akwai Mai-ceto ga masu-zunubi, mu da su duka.

Ga matasanmu da ke makarantun Littafi Mai-Tsarki da jami'o'i kuma, ga misali. Karatu mai-zurfi hidima ce ga Ubangiji in an yi shi da addu'a da gaskiya. Jarrabawar sarauta ta Sin ta ƙare a 1905, sarautar kanta ta faɗi a 1912, Hongkong ta koma hannun Sin a 1997, amma har yau ana buga fassarar Legge ana karantawa, makarantar da ya kawo daga Malaka kuma tana nan da sunan Ying Wa. Masu-bi a ƙasar Sin, waɗanda ba su taka kara sun karya ba sa'ad da ya sauka, yanzu miliyoyi ne masu-yawa. Mu riƙa tunawa da su cikin addu'a. Ubangiji ya ba mu bakin da ke faɗin gaskiya a kan kowa, da zuciyar da ba ta jin kunyar bisharar Ɗansa. Amin.